Yaron Ɗan Koli

Ranar Laraba bayan la'asar Baffa yake sari. Da zarar ya shafa addu'a sai ya naɗe buhun algarara ya ɗaure a bayan keke, ya ce in biyo shi mu gangara kasuwar Kurmi ta birnin Kano. A 1982 aka fara tafiya da ni, ina aji huɗu a firamare. Baffa ƙanin mahaifina ne, a koli ya tashi, kuma Allah bai ba shi ɗa namiji da wuri ba, shi ya sa ya zo wurin yayansa neman aron yaro. Mahaifina bai yi dogon tunani ba. Tun da Obasanjo ya buɗe karatun firamare kyauta a 1976 makarantarmu ta cika ta batse, har aka raba mu 'yan safe da 'yan rana, ni kuwa ɗan rana ne. Daga an tashi makarantar allo har azahar ba ni da aiki sai ƙwallo a lungu. "Tafi da shi," in ji mahaifina. "In ya yi maka rashin ji ka zane shi, ba sai na ji ba."

Baƙo zai ɗauka Kurmi hargitsi ce. Kasuwa ce da ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, sama da shekara 500, kuma kowane layi da abin da aka san shi da shi: nan dukawa, can masu shuni, gaba 'yan turare. Lungunanta ba a hawa keke, sai dai a tura. Layin 'yan koli kuwa hanci ne ke kai mutum, don ƙamshin kanumfari da kimba yana tarye ka tun daga nesa.

Baffa yana da uban ɗaki a layin, wani dattijo mai rumfa da kowa ke ce wa Alhaji kawai. Kullum tsarinsu ɗaya: a gaisa, a tambayi iyali, a ɓare goro, sannan Baffa ya zaro lalita ya biya kuɗin kayan makon jiya, a ɗora masa na wannan makon. Ba rasit, ba shaida. In kasuwa ta yi nauyi ya kawo rabi, Alhaji ya ce, "Ba komai, Malam, Allah ya hore," a wuce wurin. Abin da na fara koya a nan zaɓe ne. Ba a ɗaukar dozin ɗin madubi a rufe, sai an duba kowanne, don akwai mai karkata fuska, kuma macen da madubinka ya munana ba ta ƙara sayen komai a hannunka. Ɗan kunne da zobe sai ya goga su a hannun riga ya ga ko ruwan zai zuba. Allura ya ɗaga ta sama ya leƙa kafarta. Kwalli kuwa dutsensa yake saye, don ya ce niƙaƙƙen kasuwa ba ya rasa gawayi a ciki.

Bayan isha ake ainihin aikin, a tsakar gida, da fitilar ƙwai a tsakiya. Matar Baffa, Umma, ta riga ta niƙa kwallin. Lokacin leda ba ta yawaita ba, takardar buhun siminti da tsofaffin littattafan makaranta muke yankawa ƙanana mu yi ƙulli: kwalli, alif, farar wuta, kanumfari, masoro, jar kanwa. Na sisi daban, na sule daban. Naira ta shigo tun 1973, amma a bakin mata kwabo goma sule ne, biyar sisi, naira biyu fam guda, kuma mai son cinikinsu dole ya yi lissafi irin nasu. A wannan ƙullin ribar koli take. Mace ba za ta iya sayen kwalbar Binta Sudan sukutum ba, amma tana iya sayen na sule a ɗiga mata a auduga ta cusa cikin adaka. Kafin kwalba ta ƙare ta wannan hanya ta mayar da kuɗinta da ɗoriya mai kyau.

Baffa yana da akwatin katako mai murfin gilashi da yake ɗaurewa a kan wani tsohon Rali baƙi. Ni tire aka ba ni, babba, da gammo. Madubi a tsakiya, a jingine. Gaba kayan ƙyalli: ɗan kunne, awarwaro, tsakiya, jan baki, hoda, jagira. Gefe kayan buƙata: allura, zare, maɓalli, reza, ashana, lagwani, Robb da mantaleta. Jigida da rigar mama da fatari a ƙasa suke, an rufe su da ƙyalle. Ba a fito da su sai an tambaya, kuma ba a tambayarsu da ƙarfi.

Kowace unguwa da ranarta. Asabar Dala da Gwammaja, Lahadi Koki da Adakawa, Litinin Madabo, haka har mako ya zagayo, Juma'a a huta. Ko ruwa ake Baffa ba ya saɓa rana, sai dai ya makara, don ya ce matar da ta ajiye maka sulenta, in ba ka zo ba, kafin gobe mai ƙosai ta karɓe shi. Da hantsi muke isa, maza sun fita nema, yara sun karya, ba a kai ga ɗora sanwar rana ba. Muna shiga lungu sai ya kaɗa ƙararrawa ya ɗaga murya: "Ga koli! Allura da zare, madubi da kwalli!" Kafin ya rufe baki yara sun firfito, kowa da saƙon uwarsa.

Sai ya jingine keken ya zauna a zaure ko a kan dakali. Iyakarsa ke nan. Gidaje da yawa an rubuta "Ba shiga" da fenti ko gawayi a bakin ƙofa, inda ba a rubuta ba ma kowa ya sani. Matan aure suna kulle, ba sa zuwa kasuwa, baligi kuma ba ya wuce soro. Dalilin aron yaro ke nan.

Kafin in taka gidan farko ya riƙe kunnena ya karanta mini dokoki. In yi sallama tun daga soro, kar in shiga sai an amsa. In durƙusa in gaida uwargida kafin kowa, ko da amarya ce ta aiko kirana. In sauke tire a tsakar gida inda kowa ke gani. Kar in leƙa ɗaki, in an kira ni in cire takalmi in tsaya bakin ƙofa. In an ba ni abinci in ce na ƙoshi, in an matsa in karɓa. Ta ƙarshen ce ya fi murɗa mini kunne a kanta: abin da na gani a gidan mutane a nan zan bar shi, ko Umma kar ta ji.

Cinikin da ƙafa ake yin sa. Mace za ta ɗauki ɗan kunne ta kara, ta dubi madubi, ta taɓe baki ta ce bai ma yi kyau ba.

"Nawa ya ce?"

"Sule takwas, Inna."

"Kai! Zinare ne? Je ka ce masa huɗu."

In fita a guje. "Baffa, ta taya huɗu." Ya ce wace ce, in ce ta ɗakin gabas, ya ce in ce mata albarka. In koma ta ƙara sisi, in fito ya rage sule, in sake komawa, har a tsaya a shida ya ce a sallama mata. Nan ma ba a gama ba, sai ta ce ina gyara, a ɗora mata allura guda. Tun fitowar farko Baffa ya san a shida za a tsaya. Na taɓa tambayarsa me ya hana shi faɗin shidan tun farko ya hutar da ni. Ya ce, "Kai yaro ne. In ba ta wahalar da kai ba, ba za ta yarda ta sami arha ba." Akwai matan da ya shafe shekaru yana ciniki da su bai taɓa ganin fuskarsu ba, amma ya san mai son ja da wadda ba ta sa kore, ya san mai cika alkawari da mai sai-gobe.

Gidan mace ɗaya ba shi da wuya. Gidan mata uku ko huɗu ne ake gane yaron da zai ɗore. Kowacce idonta na kan hannun 'yar'uwarta. A tsakar gida ba wadda za ta sayi abin kirki. A jujjuya kaya, a kushe, a sayi zaren sisi. Sai na ɗauki tire zan fita wata ta ce, "Zo ka miƙo mini ludayin can." In na matsa bakin ƙofarta ta raɗa mini in ba 'yarta jigidar nan mai ruwan goro a waje. Kafin in kai soro wata ta tare ni: "Kai, me ta saya?" Amsar da Baffa ya koya mini guda ce: "Allura, Inna." Shekara da shekaru, a bakina dai, matan birnin Kano ba su sayi komai ba sai allura. Sun san ba gaskiya nake faɗa ba, kuma shi ya sa suka saki jiki da ni, don kowacce ta san in aka tambaye ni nata, allurar zan ce. Wata dabarar kuma, ba a shigar da ɗan kunne iri ɗaya guda biyu gida ɗaya. In amarya ta sayi mai ja, sauran jajayen suna cikin akwatin Baffa sai mun bar lungun.

Tsofaffin gida su ne daɗin aikin. "Ga maigidana nan! Me ka kawo mini, ko yau ma hannu Rabbana?" Su ke ajiye mini ƙanzo da ɗumame, su ke tsawatar wa matasan in sun riƙe ni da yawa. Sayayyarsu ba ta wuce mantaleta da kanumfari, ita ma sai an yi rigimar kuɗin cefanen da wai na hana.

Mafi yawan cinikinmu bashi ne. Baffa yana da ɗan littafi a aljihun gaba da yake rubutawa da ajami, amma ba sunan mace ko ɗaya a ciki. Sunan matar wani ba abin rubutawa ba ne, galibi ma bai san shi ba. Sai dai ka ga "gidan mai darbejiya, ɗakin kudu", ko "uwar tagwaye", ko "amaryar mai gyaran rediyo". Karɓar bashin ma da ladabinsa. Ba a tambaya a gaban kishiya, ba a tambaya a gaban baƙuwa, ba a taɓa kai maganar wurin maigida. In na shiga sai in ce, "Baffa yana gaishe ki." Ta gane. In akwai ta kwance bakin zani ta ba ni, in babu ta ce, "Ka ce ina amsawa, ran Lahadi nake kwasar adashi." Shi kuwa ranar kwasar kowacce tana kansa, ka ce shi ne uwar adashin.

Kuɗin nan ba na cefane ba ne, nasu ne. Matar da ba ta taɓa taka kasuwa ba tana da sana'arta a bayan katanga: wannan ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, waccan ɗinkin hula, wata kitso, wata ɗanwake da alala da 'yarta ke fita talla da su. Sai da na girma na ji cewa wata Baturiyar Ingila, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina, ta yi rubutu a 1969 kan wannan ɓoyayyen ciniki na cikin gidaje da masu lissafin arziki ba sa gani don ba shi da rumfa. Ni kam a kaina na ɗauke shi.

Mai shiga inda ko ni ba na shiga ita ce dillaliya. Galibi dattijuwa ce da ta wuce kulle, ga ƙaton ƙunshi a ka, ga wani a hammata. Ita har ƙuryar ɗaki take zama a sako labule. Manyan kaya nata ne: atamfa Holan da Ingila, sabuwa da wadda aka ɗaura sau ɗaya, langa, samira, tasoshi, wani lokaci har zinare. Uwa tana fara tara wa 'yarta kayan jere tun yarinyar ba ta yi wayo ba, kwano ɗaya bana, ɗaya baɗi, kuma ta hannun dillaliya ake yi. Matar da ta shiga matsi ita take ba wa zaninta a ɓoye, ta kai wata unguwa mai nisa inda ba za a gane shi ba, ta sayar ta cire la'adarta. Auren da aka ƙulla a bakin dillalai da wanda aka kashe, Allah kaɗai ya san yawansu. Baffa bai taɓa ɗaukar atamfa ko kwano ba, ko an yi masa tayin sari mai sauƙi. Ya ce wannan gonarsu ce. In muka haɗu da ɗaya a lungu har ƙasa yake gaishe ta ya miƙa goro, don in ta ce hodarsa tana ɓata fuska, unguwa guda ta rufe mana ke nan.

Ba mu kaɗai ke bin lungunan ba. Tun da safe 'yan matan Fulani sun shigo da ƙoren nono da man shanu. Ga mai kalanzir da gwangwanayen awonsa, ga ɗan garuwa, ga wanzami da zabira, ga mai yankan farce yana kaɗa almakashi, ga mai facin bokiti, ga Yarabawa masu karɓar tsofaffin tufafi su ba da roba, ga Buzayen da fari ya koro da zobban azurfa da kayan fata. 'Yan Gana masu gyaran takalmi suna tafe suna buga akwatinsu. Su kam dare ɗaya muka neme su muka rasa, da gwamnatin Shagari ta kori baƙi marasa takarda a farkon 1983. Kowa da irin kiransa, mace tana ɗaki ta san wa ke wucewa.

Da hutun Disamba, bayan kaka, mukan fita ƙauyukan wajen Ungogo da Minjibir mu riƙa kwana a zauren mai unguwa. Can kulle bai yi tsanani ba, mata da yawa da kansu suke zuwa bakin danga, sai aikina ya koma tura keke cikin rairayi. Kuɗi kaɗan ne a hannu, hatsi ne da yawa. A ba da madubi a karɓi gero tiya kaza, a ba da awarwaro a karɓi gyaɗa ko budurwar kaza. Mu fita da akwati mu dawo da buhu.

Canjin kuɗi na 1984 ne abin da ya fi tsaya mini a rai. A ƙarshen Afrilu gwamnatin Buhari ta rufe iyakoki ta sanar cewa an sauya launin takardun naira 1 da 5 da 10 da 20, ban da 'yar sule biyar, kuma wa'adin canjin bai kai mako biyu ba. Mu da cinikinmu na sulalla ne mun ɗauka abin bai shafe mu ba. Washegari ina shiga gidan farko, ban ko sauke tire ba aka jawo ni bakin ƙofa. Takardu suka riƙa fitowa daga inda ban taɓa zato ba: ƙasan langar jere, cikin matashin kai, cikin tulun da aka daina zuba wa ruwa, wasu sun yi laushi suna ƙamshin turare. Har 'yar naira 20 mai hoton Murtala na gani, a hannun matar da ta daɗe tana ja mini rai a kan sule uku.

Damuwarsu a fili take. Ba sa zuwa banki, in kuwa suka ba maigida ya canzo, ya san abin da suka mallaka ke nan, gobe in aljihunsa ya bushe ya san ɗakin da zai nufa. Wasu suka biya bashinsu kaf a ranar. Wasu suka sayi abin da ba sa buƙata don dai takardar ta bar hannunsu, kafin azahar tire ya koma fayau, har madubin tsakiya an saye. Mafi yawansu kuwa ƙullewa suka yi a tsumma suka ce in kai wa Baffa ya canzo musu. Da fari ya ƙi, ya ce kuɗin mutane wuta ne. Da ƙullin ya yi yawa sai ya gyara zama a zaure ya buɗe sabon shafi. Kowane ƙulli ya ƙirga a gabana, in koma in faɗa wa mai shi adadin, ta ce haka ne, sannan ya rubuta. Kwanakin nan ba mu yi talla ba. Tun asuba yake tafiya layin banki, ga sojoji da bulala suna gyara sahu, don ana tsakiyar yaƙi da rashin ɗa'a. Abin da bai samu ya shigar ba ya kai wa Alhaji a Kurmi ya haɗa da nasa. Daga nan muka bi gida-gida muna mayarwa, kowacce a tsummanta, bai cire ko kwabo ba. Kar a ce asara ya yi. Bayan wannan, a lungunan nan, in wani ɗan koli ya kaɗa ƙararrawa sai a aiko yaro ya duba, in ba Baffa ba ne a ce Allah ya ba da sa'a.

Bayan babbar sallar shekarar ya yanka mini jari. Kayan fam biyar ya zuba mini a wani ƙaramin tire, ya ce riba tawa, uwar kuɗi tasa, kuma kar in taɓa irin kayansa, in nemi nawa masu sayen. Na same su a 'yan mata masu talla, waɗanda iyayensu ke bar wa ɗan abin da ya hau su jefa a asusu: ribom, zoben roba, jan farce, cingam, balan-balan. Gwangwanin madara biyu ya ba ni, ɗaya na uwa ɗaya na riba, ya ce ranar da na zari kwabo a na farkon na sayi ƙosai, ranar na fara karyewa. Duk Laraba kafin mu tafi Kurmi sai na juye su a gabansa ya ƙirga. Ni ma na yi littafin bashina, nawa da boko.

Yau in ana hirar 'yan koli sai ka ji an ce waya ce ta kashe sana'ar, ko manyan kantuna. Ban yarda ba. Kafin wayar salula ta zo a 2001 an daɗe da yi mata jana'iza. Abin da na gani da idona shi ne 1986, da Babangida ya kawo shirin gyaran tattalin arziki na SAP aka karya darajar naira. Dalar Amurka da ba ta kai naira ɗaya ba a 1985 ta koma wajen naira huɗu, kayan koli kuwa galibinsu na waje ne. Sana'ar da ke tsaye a kan bashi ba ta jure farashi mai tashi kowane mako. Ka ba da hoda yau, a biya ka bayan wata, ka je Kurmi ka tarar kuɗin ba zai sayo wata ba. Alhaji da kansa ya fara cewa a zo da kuɗi a hannu. Ga ma'aikatan da aka sallama suna ta fasa zaurukansu suna buɗe tireda, har ya zama kowane lungu da mai shagonsa, ko da dare yaro zai sayo allura. Islamiyyun matan aure ma suka yawaita, mata suka sami wurin haɗuwa, kowacce da 'yar hajarta a jaka. Ban ce wannan sharri ne ba. Matar da ke fita neman karatu ta fi mai zaman jiran ƙararrawar keke, kuma da yawa cikin 'yan matan da na sayar wa ribom tallar ce ta hana su zama a aji. Sai dai mai shago ba ya jiran ranar adashi, in kuma ya ba da bashi, maigida yake tarewa a hanya. Baffa ya ci gaba da zagaye har farkon shekarun 1990, sannan ya kafa tebur a ƙofar gida.

Ni tawa ta ƙare tun kafin nan, kuma ba naira ce ta kore ni ba. Na shiga sakandare, zagayena ya koma Asabar da Lahadi da hutu, murya kuma ta fara buɗewa. Na lura in na yi sallama ana jinkirta amsawa, in ji an ce "dakata", in shiga in tarar an jawo mayafai. Masu kirana bakin ƙofa suka koma aiko yara. Jigida da rigar mama suka daina fitowa daga ƙarƙashin ƙyalle. Wata tsohuwa a Madabo, cikin masu ce mini maigida, ita ta fasa ƙwan. Ta biyo ni har soro da carbinta a hannu ta ce, "Maigida, gemu ya kusa. Ka gaida Baffanka, ka ce na ce ya nemo ƙaninka."

Baffa bai yi mamaki ba, ya ce dama jira yake a faɗa. Mako na zagayowa aka ɗora wa ƙanina gammo. Na nuna masa gidajen da ake fara gaida tsohuwa, da gidan da ragonsu ke tunkuyi, na koya masa maganar allura. Baffa kuma ya fara barina a zaure da rabin kaya, shi ya tura keken lungu na gaba. Zaman zaure wani karatun ne daban: gaisawa da masu gida in sun leƙo, haƙurin jira, da yanke farashi ba ka ga hannun da ke riƙe da kayan ba. Ta nan na fi Baffa sa'a, don ni na san fuskokin, na san ɗakunan. Ranar farko a Gwammaja yaron ya fito a guje yana haki, da awarwaro a hannu.

"Yaya, ta taya naira ɗaya."

"Wace ce?"

"Mai ɗakin kusa da rijiya."

Na san ta. Fam guda take biya, amma sai ta ga yaro ya yi gumi.

"Koma ka ce mata albarka."